Takardar da na ninke na cusa a jaka

Ranar da na fara kai babbar 'yata makarantar Katolikan da take yi, tun a bakin ofis suka miƙo min wata takarda, jerin taruka ne reras har guda shida, duk a cikin sati biyun farko. Mas ɗin buɗe shekara, mitin ɗin iyaye da malamai, ranar zagaya azuzuwa, ranar wasanni, aikin gayya, da wani abu wai shi tarbar sabbin iyalai. Na ninke ta huɗu na cusa a jaka, ban sake ganinta ba sai bayan wata uku ina laluben katin asibiti. A raina cewa na yi ni dai na biya kuɗin makaranta, na yi yunifom, na sayi littattafai, to me kuma ake nema a wajena? Ku koya mata karatu, ni kuma ku bar ni in je in nemo na biyanku.

Bana shekara ta biyar kenan, autana ma ya shiga aji ɗaya, kuma wai ni ce a cikin kwamitin tarbar sabbin iyaye. Ba zuciyata ce ta yi laushi haka kawai ba fa, latti na yi a mitin ɗin ƙarshen bara, ina sa ƙafa a hol ɗin sai na ji an ce "yawwa, ga ta nan ma", aka hau tafi. Duk wanda ya saba zuwa mitin ya san wannan tarkon. To tunda na faɗa, na ga abin daga ciki, shi ya sa na ce bari in rubuta tun ban manta ba, musamman saboda iyayen da ke riƙe da irin waccan takardar yanzu suna hararar ta.

Bari in fara da Mas ɗin, don shi ne uban tafiyar. Ga wanda bai sani ba, Mas shi ne babbar ibadarmu ta Katolika, kuma na farkon shekarar karatu yana da sunansa, Mas na Ruhu Mai Tsarki. An tattaro makarantar kaf, daga 'yan nazire masu kuka har manyan 'yan sakandare masu jin sun girma, yunifom ɗin kowa sabo fil har da karin guga, takalma suna ƙyalli irin ƙyallin da ba za a sake gani ba sai wata shekarar. Fada, wato limamin coci, ya fito cikin jar riga. Autana da ke can gaba ya waigo yana nemana da ido, da muka koma gida tambayar farko da ya yi min ita ce, "Mama, me ya sa Fada ya sa ja, ranar Lahadi ai kore yake sawa?" Na ji daɗin tambayar sosai don ni sai da na girma na sani. Ja alamar wuta ce, harsunan wutar nan da littafin Ayyukan Manzanni sura ta 2 ya ce sun sauko kan almajirai ranar Fentikos. A wa'azin kuma Fada ya lissafo baye-baye bakwai na Ruhu da ake ɗaukowa daga Ishaya sura 11, hikima, fahimta, shawara, ƙarfin hali, sani, ibada da tsoron Allah, sai ya tambayi yara wanne suka fi buƙata bana. Wani yaro daga baya ya ɗaga murya ya ce ƙarfin hali, saboda lissafi. Hatta malamin lissafin sai da ya sunkuyar da kai yana dariya.

Wannan Mas ɗin ba jiya aka fara shi ba. Asalinsa daga limaman Jesuit ne, ƙungiyar da Ignatius na Loyola ya kafa, Paparoma ya amince da ita a 1540. A 1548 suka buɗe makarantarsu a Messina, can tsibirin Sisili da ke cikin Italiya a yau, daga nan al'adar buɗe shekarar karatu da roƙon Ruhu Mai Tsarki ta samo tushe, ta bazu zuwa jami'o'i da sauran makarantun Katolika har da waɗanda ba su da alaƙa da Jesuit ko kaɗan. Kusan shekara 480 kenan ana abu ɗaya. Inda ake komawa makaranta a watan Satumba a Satumba ake yi, irin su Ostareliya da shekararsu ke farawa ƙarshen Janairu zuwa farkon Fabrairu a lokacin suke nasu. Idan na tuna makarantun Katolika a duniya sun haura 200,000, yaran cikinsu sun haura miliyan 60, kuma kaso mafi tsoka a Afirka yake, sai in ji wani iri, wato ina zaune kan kujerar roba ina fifita da takardar shirin taro amma ashe layin da nake ciki dogo ne haka.

Amma gaskiya ba tarihin ne ya kama ni ba, ƙananan abubuwa ne. An zaɓo wata yarinya 'yar aji biyu ta karanta addu'ar roƙo, maikirofon ya fi ta tsawo, sai da aka kawo akwati ta taka. Ta fara da kyau, ta kai tsakiya ta ci karo da wata doguwar kalma ta tsaya cak. Hol ɗin ya yi tsit. Malamarta na tsugune a gefe tana motsa baki ba sauti, yarinyar ta kalle ta, ta haɗiye yawu, ta farfasa kalmar gaɓa-gaɓa har ta fita. Ba wanda ya yi dariya, ko 'yan bayan nan da ba sa raina abin dariya. Uwarta na kusa da ni, na ga tana goge ido da bakin gyale tana yi kamar wani abu ne ya faɗa mata.

Sai albarkar jakunkuna. Kowane yaro ya ɗaga jakarsa sama, Fada ya bi layi-layi yana yayyafa ruwan albarka. Wani ɗan wayo ya zuge zif, ya buɗe littafin lissafi ya tara, wai don ruwan ya samu inda matsalar take kai tsaye. Ina kyautata zaton shi ne mai ƙarfin halin ɗazu.

Inda jikina ya yi sanyi shi ne da aka kira ma'aikata gaban bagadi a yi musu addu'a su ɗauki alkawarin aikin shekara. Na zaci malamai kawai za a kira. Sista, shugabar makarantar, ta karanto malamai ta gama, sai ta ci gaba, mai gadi, masu shara, direban bas, mai kula da laburare, mai gyaran famfo da wuta. Baba mai gadi ya taso daga can bakin ƙofa yana ta goge hannu a jikin riga, ya rasa inda zai tsaya, wani malami ya matsa ya jawo shi tsakiya. Tafin da yara suka yi masa ya fi na kowa, kuma ba mamaki, shi ne fuskar farko da suke gani kullum da safe, ya san sunan kowa, ya san wanda ake mantawa ba a zo ɗauka da wuri ba, shi ke zama da shi. Shekara huɗu ina wuce mutumin nan da "Baba ina kwana" ban taɓa tsayawa na ji amsarsa ba. A nan Fada ya ambaci John Baptist de La Salle, limamin Faransa ɗan garin Reims da ya rayu daga 1651 zuwa 1719, ɗan masu hali ne amma ya kwaso talakawan malamai ya zaunar da su a gidansa yana koya musu yadda ake koyarwa, danginsa suna ta ƙorafi, daga baya ma ya rabar da dukiyarsa lokacin yunwa. Shi ne Paparoma Pius na 12 ya ayyana a 1950 a matsayin waliyyin malamai. Na lura malaman sun ɗan miƙe wuya da aka zo wajen.

To akwai maganar da dole in taɓo, don ita aka fi yi min a waya tunda na shiga kwamiti. Ba duk yaran makarantar Katolika ne 'yan Katolika ba, a wurare da yawa ma ba su ne suka fi yawa ba, a Indiya misali akasarin ɗaliban irin waɗannan makarantun ba Kirista ba ne. Ana gobe Mas ɗin wata baiwar Allah da ɗanta ya shigo bana ta kira ni, muryarta a ɗarare. Ta ce, "Maman Auta, don Allah ki faɗa min tsakaninki da Allah, me za a sa yarona ya yi gobe?" Na ce, "Hajiya, zama zai yi da 'yan ajinsu, in an tashi ya tashi in an zauna ya zauna don girmama wuri, shi kenan. Ba mai sa shi durƙuso, ba mai sa shi ya furta abin da ba nasa ba." Na yi mata bayanin cewa Jibi Mai Tsarki, wato gurasar da ake karɓa a Mas, na 'yan Katolikan da aka riga aka shirya ne kaɗai, ko yaranmu da ba su kai ba ba sa karɓa, a wasu makarantun mai so yakan fito ya harɗe hannu a ƙirji a sa masa albarka, wanda ba ya so ya yi zamansa. Dokar Ikilisiya ma da kanta ta hana a tilasta wa mutum shiga addinin ba da son ransa ba, kuma tun 28 ga Oktoba 1965 babban taron Vatican na biyu ya fitar da takardar da ta ce Ikilisiya tana kallon Musulmi da girmamawa. Na ce mata amma kar ki tsaya a bakina, ki zo da kanki ki gani, ki kuma shiga ofishin Sista ki tambaye ta kai tsaye yadda suke yi da darasin addini da lokacin salla. Wannan shawarar nake ba kowa, saboda makaranta suna ta tara, wasu sun iya tafiyar da abin nan cikin mutunci, wasu kam shiru suke yi sai iyaye sun ji a bakin yara, wanda hakan ba daidai ba ne. Satin farko ne lokacin wannan tambayar, ba sai rai ya ɓaci a tsakiyar zango ba. Ta zo kuwa, ta zauna a layin baya, kuma ita ce ta fara tashi tafa wa Baba mai gadi.

Yanzu mitin ɗin iyaye da malamai. Hmm.

A takarda abin gwanin kyau. A dai waccan ranar ta Oktoban 1965 aka fitar da sanarwar Ikilisiya kan ilimi, wadda ta ce iyaye su ne malaman farko kuma na gaba-gaba ga 'ya'yansu, makaranta taimako take yi. Kundin dokokin Ikilisiya na 1983, a doka ta 796, ya ce iyaye su haɗa kai da malamai, malamai su saurari iyaye da zuciya ɗaya, a kafa ƙungiyoyi ko tarukan iyaye kuma a ɗauke su da daraja. Wato mitin ɗin nan ba alfarma makaranta take mana ba, haƙƙi ne. Paparoma Francis ma a 2019 da yake kiran duniya ta haɗa hannu kan ilimi karin maganar Afirka ya jawo, cewa sai gari guda ake tarbiyyar yaro ɗaya, mu kuma da ma mun riga mun ce ɗa na kowa ne.

A zahiri kuwa, awa uku muka yi. Minti arba'in ya tafi a karanta bayanin mitin ɗin baya da gyaran sunan wani da aka rubuta ba daidai ba. Sai aka shiga maganar kuɗi, daga nan ba a sake fitowa ba, gudunmawar kaza, gyaran kaza, wa ya biya wa bai biya ba. Akwai wani bawan Allah da kowace shekara in ya karɓi maikirofon sai ya fara da "ba zan ja dogon bayani ba", kowa ya gyara zama don an san an shiga uku. Maganar yaran da ake cin zalinsu a bas, wadda ita ce ta kawo rabin mutanen wajen, sai a minti goman ƙarshe aka taɓa ta, lokacin mutane sun fara zamewa. Abin da ya fi ci min rai kuma shi ne lokacin da aka sa, ƙarfe goman safe ranar aiki. Mai aikin asibiti fa? Mai shago da in ya rufe ya yi asarar yini? Uwar da ita kaɗai ke riƙe da gida? Sai a zo daga baya ana cewa iyayen yanzu ba su damu da 'ya'yansu ba. Ni na san dalilin da ya sa na ninke takardar nan shekara huɗu baya, ba rashin damuwa ba ne, wajen aiki ne ba za su bar ni ba, kuma ba wanda ya tambaye ni. Na faɗi haka a mitin ɗin, muryata har rawa take. Sista ta rubuta, ta ce na zango mai zuwa za a gwada yammacin Asabar. Za mu gani.

Ranar zagaya azuzuwa ita ce ta biya ni. An ce kowa ya je ajin ɗansa ya zauna a kujerarsa. Ku yi tunanin manyan mutane, wasu da tumbi wasu da manyan kaya, a takure kan kujerun 'yan aji ɗaya gwiwa na taɓa haɓa. Duk wani jin kai a nan ya zube, mutumin da ya shigo yana kaɗa makullin mota sai ga shi yana roƙon a taimaka a ɗaga shi. Malamar ba ta yi dogon turanci ba, ta nuna mana jadawalin darasi, ta faɗi yadda take ba da aikin gida da ranar da za a iya samunta, sai ta raba 'yan ƙananan takardu ta ce kowa ya rubuta abu ɗaya game da ɗansa wanda babu shi a fom ɗin shiga. Na daɗe riƙe da biro. Daga ƙarshe na rubuta cewa autana in aka matsa masa ya yi sauri sai i'ina ta kama shi, in aka ƙyale shi maganarsa garau take fita. Mutumin da ke gefena ya rubuta layi ɗaya ya kife takardar, da muka fito yake faɗa min matarsa ce ta rasu watanni kaɗan baya, yarinyar ba ta son a ce a zana hoton iyali. Da ba don wannan zaman ba, da malamar sai ta gano hakan ranar da yarinyar ta fashe da kuka a gaban aji. Ni kuma da ban san cewa ranar Laraba ba shi da mai ɗauko ta ba. Yanzu tare nake kwaso su.

Wani tsarin da nake so shi ne haɗa kowane sabon yaro da babba guda, yaya na makaranta. Shi zai nuna masa banɗaki, inda ake shan ruwa, ma'anar kowace ƙararrawa, ya zauna kusa da shi a asambuli na satin farko. Wanda aka ba autana wani dogo ne ɗan aji shida mai kama da wanda ba ya son magana, na ɗan ji tsoro, sai ga shi rana ta uku na hango shi a durƙushe yana ɗaure masa igiyar takalmi yana yi masa faɗa a hankali. Yanzu a gida ba a jin komai sai yayana ya ce, yayana ya ce, yayarsa ta gaskiya har kishi take.

Ranar wasanni ba sai na ja ba, an raba yara gida-gida da sunayen waliyyai, kowane gida da kalarsa, an yi gudu, an yi tseren buhu, iyaye da malamai sun ja igiya malamai suka kayar da mu ƙasa warwas. Abin kallon dai Sista ce, da lulluɓinta da komai, ta shiga fili tana buga ƙwallo da 'yan aji uku. Wani uba ya ce wannan ai zubar da girma ne. Ni ban gani haka ba. Don Bosco, limamin nan na Turin da ya rasu a 1888 wanda ya kafa ƙungiyar Salesian, tun yana yaro ya koyi dabo da tafiya kan igiya don ya tara yara, kuma duk tsarin tarbiyyarsa a kan abu uku ya ɗora shi, hankali, addini da ƙauna, yana ganin malami ya kasance tare da yara a filin wasa tun kafin a yi laifi ya fi ya jira a ofis da bulala. A ganinsa bai isa a so yara ba, sai su ma sun san ana son su. Yarinyar da ta ƙwace ƙwallo a ƙafar Sista yau, gobe in wani abu ya dame ta ba za ta ji tsoron ƙwanƙwasa ƙofar ofishin ba.

Aikin gayya kuwa mu goma sha wani abu ne muka fito, fuskokin da aka saba, alhali a gurup ɗin WhatsApp mutum sama da ɗari suka turo hannun nan mai yatsa sama. Wannan gurup ɗin ma labarinsa daban, an buɗe shi don sanarwar makaranta, kwana biyu ya koma wajen tallan kaya da gaisuwar safiya mai furanni, sanarwar gaske sai ka yi ta haƙa kafin ka same ta. Mun share, mun yi wa allo fenti, mun ɗaure kujerun da suka saki. Hajiya ta zo da mijinta, shi ya gyara ƙofar ajin su autana da ta shekara tana ƙara.

Taron ƙarshe shi ne namu na kwamiti, tarbar sabbin iyalai, ni aka ajiye a teburin bakin ƙofa ina raba jadawalin sauran zangon. Can wajen ƙarshe wata matashiya ta shigo a gurguje, da kayan aiki a jikinta, goye da jariri, tana jan wani ɗan yaro da yunifom ɗinsa ya yi masa yawa, wayarta na ta ƙara. Na miƙa mata takardar. Ko kallonta ba ta yi ba, ta ninke ta huɗu ta cusa a jaka, ta juya za ta fita.

Na ce, "Ƙanwata, ɗan tsaya. Wane aji yake?"

Ta ce aji ɗaya.

Na ce, "Ajinsu ɗaya da nawa kenan. Ba ni lambarki, ranar da ba za ki samu zuwa ba sai in faɗa miki abin da aka ce."

Ta ɗan tsaya tana kallona kamar tana jiran in ce ga abin da za ta biya. Sannan ta gyara goyon, ta karɓi biron.